Zanen ƙoƙon kai bai ishi mai gyaran wuta ba

Duk wanda ya saba ratsa titunan Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya san wannan ɗan allo na ƙarfe da ake maƙalawa a ƙofar ɗakin taransifo ko a gindin turken wuta: zanen walƙiya, wani lokaci da ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu, sai kalmomi uku na Faransanci masu cewa akwai haɗarin mutuwa. Allon yana cika aikinsa gwargwadon hali. Yarinya mai talla takan gan shi ta ja da baya, makiyayi yakan kau da dabbobinsa, mai neman inuwa yakan nemi wata bishiya. Sai dai akwai mutum guda wanda allon bai yi wa magana ba, shi ne wanda aka ɗauka aiki domin ya buɗe ƙofar. Shi ba ya da damar ja da baya, don abincin iyalinsa yana bayan wannan ƙofa. Abin da yake bukatar sani kafin ya sa makulli shi ne girman wutar da ke jiransa, da nisan da za ta iya kai wa, da irin tufar da za ta iya tare ta. Ƙoƙon kai ba ya faɗin ko ɗaya daga cikinsu.

A unguwarmu akwai wani dattijo da ya share shekaru yana aikin lantarki a wata masana'anta. Ko a tsakiyar bazara ba ya rabuwa da riga mai dogon hannu, kuma gefen fuskarsa na dama fata ce mai sheƙi irin ta wanda ya sha ƙuna. Ranar da na tambaye shi ko wuta ce ta ja shi, sai ya girgiza kai ya ce: "Ɗana, ko taɓa ta ban yi ba. Ita ce ta fito ta same ni." Ya buɗe babban akwatin rarraba wuta ne don ya ɗaure wata kusa da ta saki, ƙarfen da ke hannunsa ya suɓuce ya faɗa tsakanin sanduna biyu na jan ƙarfe. Bai sake sanin inda yake ba sai a gadon likita. Masu zuwa gaisuwa suka ce tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa. Shugabanninsa suka ce ganganci ne. Ni kuwa na daɗe ina ganin cewa akwai suna na uku da ya fi dacewa da abin da ya same shi: an tura mutum gaban haɗarin da za a iya aunawa, ba a auna ba, kuma ba a rubuta masa ba.

Aradu a cikin akwati

Yawancinmu haɗari ɗaya muka sani game da lantarki, wato mutum ya taɓa waya kuran ya ratsa jikinsa. Akwai na biyu, wanda masu sana'ar ke kira ark, mu kuma za mu kira shi walƙiyar lantarki. Iska ba ta barin wuta ta wuce ta cikinta a al'ada, shi ya sa ake iya jera sandunan jan ƙarfe kusa da juna babu komai a tsakaninsu. To amma idan wani abu ya haɗa su na ɗan lokaci, ko ƙarfen aiki, ko ɓera, ko ƙura mai laima, sai iskar da ke wurin ta yi zafin da ita kanta za ta zama hanya. Daga nan wutar ba ta sake bukatar abin da ya tayar da ita. Za ta ci gaba da gudu cikin iska, dubban amfiya a lokaci guda, har sai na'urar da ke sama ta katse ta.

Zafin tsakiyar wannan walƙiya yakan kai digiri 19.000 a ma'aunin Selsiyus, alhali fuskar rana ba ta wuce digiri 5.500 da ɗoriya ba. A irin wannan zafi jan ƙarfe ba ya tsayawa ga narkewa kawai, yakan zama tururi, kuma idan ya zama tururi girmansa yana ninkawa kusan sau 67.000. Wannan kumburi na farat ɗaya shi ne ke ɓalle ƙofar akwati, ya jefar da ƙato, ya fasa dodon kunne, ya watsa narkakken ƙarfe kamar harsashi. Hasken yana iya lalata ido, hayaƙin yana iya ƙona huhu. Akwatin kuma, da yake rufe yake ta ɓangare biyar, yakan tattara zafin ya huro shi ta ƙofa ɗaya tak da ke buɗe, daidai inda fuskar ma'aikaci take. Mafi munin ƙuna sau da yawa daga tufafi take zuwa: rigar roba irin ta poliyesta da ta cika kasuwanninmu tana narkewa ta manne da fata, ta auduga kuma tana iya kamawa ta ci gaba da ci bayan walƙiyar ta mutu.

Duk wannan yana faruwa cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Babu wanda ya taɓa tsere masa da zafin nama. Kuma kada a ɗauka sai a manyan layuka masu bolt dubbai yake aukuwa: akwatin bolt 400 da ke bayan babban taransifo, irin wanda ake samu a kowane babban kanti, otel ko injin casar shinkafa, ya isa ya kashe mutum, kuma shi ne aka fi buɗewa da wuta a ciki saboda an raina shi.

Yadda wasu suka koyi auna shi

Ba mu kaɗai muka makara ba. A ƙasar Amurka ma an daɗe ana lissafa waɗanda walƙiyar ta ƙona a cikin waɗanda wuta ta ja. Sai a shekarar 1982 wani injiniya mai suna Ralph Lee, wanda ya yi aiki a kamfanin DuPont, ya wallafa binciken da ya ware wannan haɗari daban, ya kuma nuna yadda za a lissafa zafin da zai isa jikin mutum gwargwadon ƙarfin wutar da nisan da yake tsaye. Kafin shi, wata masaniya mai suna Alice Stoll da abokiyar aikinta Maria Chianta sun auna yawan zafin da fatar ɗan Adam ke iya ɗauka kafin ta yi bororo. Daga aikinsu aka sami iyakar da ake amfani da ita har yau: kalori 1,2 a kan kowane santimita murabba'i na fata. Abin da ya haura haka ƙuna ce ta mataki na biyu.

Da aka sami ma'auni, sai dokoki suka biyo baya. Ƙungiyar kare gobara ta Amurka, NFPA, ta fara fitar da ƙa'idarta ta tsaron ma'aikatan lantarki mai lamba 70E a 1979, ta kuma shigar da iyakar kariya daga walƙiya a bugun 1995. A 2002 abubuwa biyu suka faru: kundin dokokin haɗa wuta na ƙasar ya wajabta liƙa gargaɗin walƙiya a kan akwatunan da ake iya buɗewa da wuta a ciki, ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE kuma ta fitar da hanyar lissafi mai lamba 1584, wadda aka gina a kan gwaje-gwajen da aka tayar da walƙiyar da gangan aka auna zafinta. An sabunta wannan hanya a 2018 bayan gwaje-gwaje kusan 1.800. Kanada ta bi sahu da ƙa'idarta a 2008. Faransa, wadda yawancin injiniyoyinmu suka koyi aiki da littattafanta, ta fi ba da ƙarfi ga takardar izinin da mai aiki ke ba ma'aikaci bayan horo, da matakan kashe wuta kafin aiki, kamar yadda ƙa'idarta ta NF C 18-510 ta 2012 ta tsara.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, daga ranar da aka iya sa wa haɗarin lamba, uzurin rashin sani ya faɗi. Abin da ake iya lissafawa tun kafin ya auku ya fita daga sahun abubuwan da ake ɗora wa ƙaddara a wanke hannu. Mai tawakkali na gaskiya ma ai sai ya ɗaure raƙuminsa.

Abin da allon gaskiya ke faɗi

Allon da ƙa'idar 70E ta tanada bai fi tafin hannu biyu ba, amma kowane layi a cikinsa amsa ce ga tambayar da ma'aikaci zai yi. Yana faɗin ƙarfin wutar da ke cikin akwatin, bolt nawa ne. Yana faɗin iyakar walƙiya, wato nisan da zafin zai ragu ya koma kalori 1,2, ta yadda duk wanda ba ya sanye da kayan kariya, har yaron da ke miƙa kayan aiki da shugaban da ya zo leƙe, zai san inda zai tsaya. Sannan yana faɗin yawan zafin da zai sami mutum a nisan da ake aiki, wanda a ƙananan akwatuna ake ɗauka kusan santimita 45 ne daga sandunan zuwa ƙirji da fuska, ko kuma ya faɗi matakin kayan kariyar da ake bukata. Matakan huɗu ne, kuma kowanne yana da ƙaramin adadin zafin da tufar za ta iya tarewa: kalori 4, 8, 25 da 40. A matakin farko riga da wando na musamman da marufin fuska sun wadatar. A na ƙarshe sai cikakkiyar riga mai hular da ta rufe kai gaba ɗaya. Ƙa'idar ta kuma ce a sake duba lissafin duk lokacin da aka canza wani abu a haɗin wutar, kuma ko ba a canza komai ba kada a wuce shekara biyar.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ruhin maganar. Lambar da ke kan allon ba a sayen ta a kasuwa, domin ta akwatin nan ce shi kaɗai. Tana fitowa daga girman taransifon da ke ba shi wuta, da tsawon wayar da kaurinta, da kuma saurin na'urar da za ta katse wutar idan abu ya lalace. Saurin nan yana da nauyi ƙwarai, domin zafin yana taruwa ne daidai da daɗewar walƙiyar. Mu ɗauka akwati zai ba da kalori 4 idan makatsar wuta ta faɗi cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Idan tsatsa ko ƙura ta sa ta yi jinkiri har daƙiƙa guda, akwatin nan dai zai ba da kusan kalori 40. A yanayi na farko ma'aikaci mai kayan kirki zai koma gida ya ci tuwo, a na biyu kuwa zancen likita ne ko na maƙabarta. Saboda haka kamfanin da ya yi niyyar rubuta lamba ta gaskiya dole ya san wayoyinsa, ya sabunta zanen haɗinsu, ya gwada makatsansa. Rabin amfanin allon ma'aikaci ya same shi tun kafin a liƙa.

Me ya sa maganar ta shafe mu

Wani zai ce wannan damuwar masu manyan masana'antu ce. To, mu duba ƙasarmu. An kafa NIGELEC a 1968. Layin bolt 132.000 daga Birnin Kabi ya iso Yamai a 1976, tashar kwal ta SONICHAR a Anu Araren ta fara ba ma'adinan Arlit wuta a 1981, layin Katsina zuwa Gazawa ya biyo baya a 1994. Daga baya aka buɗe matatar man SORAZ a jihar Damagaram a 2011, tashar Goru Banda a 2017, gonar hasken rana ta Malbaza a 2018, da ta Goru Banda mai megawat 30 a 2023, ga tashoshin tura ɗanyen mai a kan bututun da ya taso daga Agadem. Kowace ɗaya daga cikinsu ɗakuna ce cike da akwatuna, kuma kowane akwati yana da ɗan ƙasa da zai buɗe shi wata rana. Idan aka haɗa da famfunan ruwa, da gidajen likita, da ɗakunan sanyi, da eriyoyin tarho, da injinan niƙa, za a ga cewa adadin mutanen da ke cin abinci a bakin wannan haɗari yana ƙaruwa kowace shekara, kuma zai ci gaba da ƙaruwa muddin muna neman a kai wuta karkara.

Sannan yanayinmu yana ƙara wa haɗarin kaifi ta hanyoyin da littattafan Turai ba su cika damuwa da su ba. Ƙurar hunturu tana shiga kowace kafa ta kwanta a kan sanduna, sai laimar farkon damina ta mai da ita hanyar wuta. Zafin bazara yana busar da robar waya har ta tsage, yana kuma sa kusoshi su saki. Ɓera da ƙadangare suna samun mafaka a akwatin da aka bar ramin shigar wayarsa a buɗe. Ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan karin maganar ba ta bukatar fassara. Ga kuma ɗabi'ar da kowa ya sani: fizibil ya ƙone, babu irinsa a kusa, sai a ƙulla zaren waya a gurbinsa, makatsa tana yawan faɗuwa, sai a musanya ta da mafi girma don a huta. Duk mai yin haka yana cire wa akwatin birki ne, ya bar wa wanda zai zo bayansa.

Akwai kuma wani abu da ya kamata injiniyoyinmu su yi wa dogon tunani. Kusan kowace babbar ma'aikata a nan tana da injin ba da wuta na ko-ta-kwana, kuma mun ga yadda aka dogara da su lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta daga watan Agusta na 2023 zuwa farkon 2024. Hankali zai ba mutum cewa wutar inji ta fi ta layi rauni, don haka haɗarinta ya fi sauƙi. Sau da yawa akasin haka ne. Makatsa tana faɗuwa nan take ne idan wutar da ta ɓalle tana da yawa. Idan ta yi ƙasa da inda aka saita ta, sai ta yi jinkiri, walƙiyar kuma ta samu lokacin tara zafi. Ke nan akwati ɗaya yana iya zama da fuska biyu, ɗaya a kan layi, ɗaya a kan inji, kuma allon da bai lissafa mafi munin biyun ba ya yaudari mai karanta shi. Haka batun hasken rana: faifan ba ya daina ba da wuta muddin rana na sama, jerin batura ba ya da makunnin da zai zubar da abin da ya tara, kuma walƙiyar wuta mai tafiya hanya ɗaya ta fi wuyar mutuwa fiye da ta layi, wadda ke sauka zuwa sifiri sau 100 a kowace daƙiƙa. Matasan da suka rungumi wannan sana'a a garuruwanmu sun cancanci a gaya musu haka tun ranar farko.

Haƙƙi ne da aka riga aka sa wa hannu

Kada a ɗauki wannan kira a matsayin roƙon alfarma. Dokar aiki ta ƙasarmu, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata nauyin kare rayukansu da lafiyarsu, ta kuma tanadi kwamitocin tsaro da lafiya a wuraren aiki. A 2009 Nijar ta amince da yarjejeniyoyi masu lamba 155 da 187 na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, waɗanda a 2022 aka ɗaga su zuwa sahun yarjejeniyoyi na tushe. Ta 155 ta fito fili a kan abubuwa huɗu da suka shafi zancenmu. Masu ƙera injuna da masu shigo da su dole su ba da bayanin haɗarin da ke tattare da su. Ma'aikata da wakilansu suna da haƙƙin samun bayani da horo. Kayan kariya ba a aljihun ma'aikaci suke ba. Kuma wanda ya janye daga aikin da yake da dalilin ganin akwai babban haɗari na kusa ga ransa, ba za a hukunta shi ba.

To, ta yaya mutum zai yi amfani da wannan haƙƙi na huɗu idan ba ya da hujja? Ƙaramin ma'aikaci da ya ce wa shugabansa yana jin tsoron akwati, za a ce masa rago ne, akwai goma a bakin ƙofa masu jiran gurbinsa. Amma wanda ya nuna allo ya ce an rubuta kalori 25, rigar da aka ba shi kuwa ta 8 ce, ya fita daga zancen tsoro ya shiga zancen lissafi, kuma sufeton aiki ko alƙali zai iya bin sawun maganarsa. Wannan ne ya sa nake ganin allon ya wuce sha'anin injiniyoyi. Yana ɗauke sani daga aljihun tebur na ofis ya kai shi inda mai ƙaramin albashi zai gani da idonsa. Ƙungiyoyin ƙwadagonmu, waɗanda suka nuna a 1990 da 1991 cewa suna iya motsa ƙasa, bai kamata a ce ƙarin albashi kaɗai ke cikin takardun kokensu ba.

Abin da masu ja za su ce

Na farko, kuɗi. Gaskiya ne binciken yana da tsada: sai an bi wayoyi, an tattara lambobin kowace na'ura, an biya injiniya. Amma a ɗora shi a sikeli da abin da haɗari ɗaya ke ci: akwatin da ya narke wanda sai an yi odarsa daga waje, makonnin da masana'anta za ta tsaya, watannin jinyar ƙuna, da fanshon nakasa da asusun CNSS zai biya har ƙarshen rayuwa. Ban da wannan, ga sabbin ayyuka kuɗin ƙanƙane ne, domin duk injiniyan da ya zana haɗin wuta ya riga ya lissafa ƙarfin wutar da za ta ɓalle don ya zaɓi makatsa. Abin da ya rage taki ɗaya ne.

Na biyu, wai ma'aikatanmu da yawa ba su iya karatu ba. Wannan hujja ce a kan allon da aka rubuta da harshen da ba nasu ba, kamar waɗanda ke zuwa manne da injuna cikin Ingilishi ko Sinanci. Mutumin da ke karanta lambar tarho da farashin kaya zai karanta 8 da 25. A haɗa lamba da launi, da zanen riga da safar hannu da marufin fuska, a ja layi da fenti a ƙasa daidai iyakar walƙiya, a rubuta gargaɗin da Faransanci da Hausa da Zabarmanci, ko Tamajak ko Barbarci gwargwadon yankin. Tun da kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ina wurin da ya fi cancantar a fara gwada wannan matsayi da ya wuce inda rai ke rataye?

Na uku ya fi nauyi, kuma na yarda da rabinsa: allo ba ya tare wuta. Akwai ma fargabar ya zama garkuwar mai kamfani, wanda zai liƙa takarda, in abu ya faru ya ce ai an gargaɗi mamacin. Haka zai kasance idan aka bar allon shi kaɗai. Ƙa'idar 70E da kanta ta sa kawar da haɗari a gaba da komai, ta ajiye kayan kariya a matakin ƙarshe. Hanya mafi aminci ita ce wadda duk mai takardar izini ya haddace: a raba akwatin da tushen wuta, a sa kwaɗo a makunnin, a tabbatar shi ne akwatin da ake nufi, a gwada a ga babu wuta, a haɗa shi da ƙasa. Sai dai a tuna, mai gwajin nan yana tsaye ne gaban akwatin da ba a riga an tabbatar ya mutu ba, don haka shi ma yana bukatar lambar. Kuma babbar lamba a ƙofa takan tilasta wa mai kamfani tambayar da bai so: me zai hana a sake saita makatsar don lambar ta sauka?

Abin da ya kamata a yi

Ma'aikatar da ke kula da aiki da wadda ke kula da makamashi, tare da hukumar daidaita sashen makamashi ta ARSE da hukumar ƙa'idoji ta ANMC, su zauna su fitar da samfurin allo guda na ƙasa, da jerin abin da dole ya ƙunsa, har da ranar lissafi da sunan ofishin da ya yi shi, don a san wanda za a tambaya. Su kuma faɗi hanyar lissafin da za a bi a layukanmu masu bolt 20.000 da 33.000, tun da ta IEEE ta tsaya a 15.000. A sa sharaɗin a cikin kowace kwangilar gwamnati, kada a karɓi sabuwar tasha ko sabon gini sai an ga binciken da allunan. Ga tsofaffin wurare a ba da wa'adi, a fara da manyan akwatunan da ke kusa da taransifo. A buga allon a kan abin da zai jure ranarmu, domin takardar da ta koɗe cikin bazara biyu daidai take da babu. A koya wa sufetocin aiki karanta shi, a shigar da shi cikin darussan makarantun koyon sana'a, a kuma nemi masu gidajen sana'a na cikin gari, waɗanda a hannunsu yawancin yaranmu ke koyon aikin wuta. Asusun CNSS kuma ya ware ƙunar walƙiya daban a cikin ƙididdigar haɗurran aiki, ya riƙa bayyana ta kowace ranar 28 ga Afrilu, ranar tsaro da lafiya a wurin aiki ta duniya.

Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Dattijon unguwarmu ba ƙin ji ya yi ba. Babu wanda ya faɗa masa, domin su ma waɗanda suka tura shi ba su taɓa lissafawa ba. Gobe da safe wani matashi zai tsaya gaban irin wannan akwati a wata ma'aikata, da rigar roba a jikinsa da ƙarfe a hannunsa. Mahukunta da masu kamfanoni suna da ilimin da zai gaya masa abin da ke bayan ƙofar. Su rubuta masa shi.